RUWAN DA KE ƘARƘASHIN GWASKA: Shekara Ɗari Ana Leƙen Ƙasar Birnin Gwari, Daga Guduma Zuwa Tauraron Ɗan'adam

Kamar kullum, ga shirin wannan mako a rubuce, saboda waɗanda datarsu ba ta isa su saurari murya ba, da waɗanda sabis ɗin garinsu ba ya buɗe sauti.

Yau maganar ruwa za mu yi, ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda sai an haƙa rijiya ko burtsatse ake kai gare shi. Wurin da za mu tsaya mu kalli tarihin kuwa shi ne Gwaska da dajin Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Na san in aka ambaci Gwaska, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne ranar Asabar 5 ga Mayu 2018, ranar da 'yan bindiga suka afka wa garin suka kashe aƙalla mutum 45. Allah Ya jiƙansu da rahama. Za mu zo kan wannan rana, domin tana cikin labarin. Amma tambayar da nake so mu bi ita ce: tun yaushe ake neman sanin inda ruwa yake kwance a ƙarƙashin wannan ƙasa, su wa suka yi neman, da wane irin kayan aiki? Kuma me ya sa a yau, da hoton tauraron ɗan'adam ya zama kyauta ga duk mai kwamfuta, har yanzu ake kawo inji a haƙa burtsatse ta fito a bushe?

RUWAN SAMA DA YAWA, RIJIYA A ƘAFE

Bari mu fara da abin da ke ɗaure wa baƙo kai. Ƙasar Birnin Gwari ba hamada ba ce. Ruwan saman da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,000, daga wajen Mayu zuwa Oktoba. Ga Kogin Mariga, ga ƙoramu, ga daji. To amma ka shiga wasu ƙauyuka a watan Maris ko Afrilu, za ka tarar mata sun yi sammako suna jiran rijiya ta tsattsafo, ko suna tonon yashi a cikin busasshiyar ƙorama. Ina ruwan ya tafi?

Amsar tana cikin dutsen da muke zaune a kai. A Borno da Sakkwato, ƙarƙashin ƙasa shimfiɗa ce ta yashi da laka, hawa-hawa, mai kaurin ɗaruruwan mitoci, kuma yashin yana riƙe ruwa kamar soso. Shi ya sa a shekarun 1950 da 1960 aka yi ta haƙa burtsatse a ƙasar Borno ruwa na tunkuɗo kansa sama ba tare da famfo ba. Mu kuwa a nan, haka Kaduna da Zariya da Funtuwa, muna kan tsohon dutse ne mai tauri, wanda ya ɗauki siffarsa ta ƙarshe kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Wannan dutse in lafiyayye ne ba ya shan ruwa, kamar dai ka zuba ruwa a kan falalen dutse ka ga ya gangare. Wuri biyu kawai ruwa ke samun mafaka. Na farko, saman dutsen da ya ruɓe ya koma ƙasa da tsakuwa, wanda kaurinsa kan kai mita 10 zuwa 30, a wani wurin kuma ko mita 2 bai kai ba. Na biyu, tsagogin da ke cikin dutsen kansa, inda ya dare tun zamanin da ƙasa ta motsa.

Wato ruwanmu a aljihu-aljihu yake. Kana iya haƙawa a nan ka samu, maƙwabcinka ya matsa taku hamsin ya haƙa ya tarar da busasshen dutse. Duk tarihin da zan ba ku yau, tarihin neman waɗannan aljihunan ne.

MASU HAƘAR RIJIYA SU NE NA FARKO

Tun kafin Bature ya zo da taswira, kakanninmu suna da tasu hanyar. Mai haƙar rijiya yakan zaga wuri da rani, ya duba inda ɓaure ko kanya ko giginya suka tsaya kore shar alhali sauran itatuwa sun zubar da ganye. Yakan duba jerin suri, don gara tana bin danshi. Yakan duba gindin tudu inda ƙasa ta fara kwanciya, da bakin fadama. In ya fara haƙa, launin ƙasar da ke fitowa a guga yana gaya masa inda ya kai: jar marmara, sai farar laka, sai tsakuwa mai sheƙi, wadda in ya gan ta ya san ya kusa. Bafulatanin da ke kiwo a dajin kuma ya san wane tafki ne ke kaiwa Afrilu, wanne ne ke ƙafewa tun Janairu.

Ku riƙe waɗannan alamomi, don in mun zo kan tauraron ɗan'adam za ku ga kusan su ɗin dai yake nema, illa shi daga sama yake kallo. Raunin wannan ilimi guda ne: a ka yake, ba a takarda ba. In tsoho ya rasu, ko gari ya watse, ya tafi da shi.

BATURE YA ZO NEMAN MA'ADINI, YA TARAR DA ƘISHIRWA

Turawan mulkin mallaka ba ruwa ne ya fara kawo su duba duwatsunmu ba. A 1904 suka fara safiyon ma'adinai na Arewa, kuma ɗaya daga cikin jagororinsa, J. D. Falconer, ya fitar da littafi kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewa a 1911. A 1919 aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, shi ne shugabanta na farko, daga baya hedkwatarta ta zauna a Kaduna. Abin da ake nema shi ne kuza da zinare da makamantansu. Haƙar zinare a Najeriya ta fara shiga lissafin gwamnati a 1913, ta kai ƙololuwa a shekarun 1930, kuma Tsohon Birnin Gwari na cikin wuraren da aka haƙa. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya durƙusar da harkar. A cikin waɗannan shekaru ne kuma, a 1936, aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun dajin En'e, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999.

Sai wajen 1928 aka ɗora wa wannan hukuma aikin ruwa. Ta shiga gina rijiyoyin kankare, ta fi mayar da hankali can arewa inda ƙishirwa ta fi tsanani, irin su Sakkwato da Katsina da Kano da Borno. A 1947 aikin haƙar ya koma hannun ma'aikatar ayyuka, masana duwatsu suka tsaya kan nuna inda za a haƙa.

Yankinmu ya samu nasa binciken daga baya. W. Russ ya fitar da rahoto a 1957 kan duwatsun sassan lardunan Neja da Zariya da Sakkwato. Truswell da Cope suka biyo da nasu a 1963. Mutane ne da suka taka dajin da ƙafa, da guduma da kamfas, suna fasa dutse suna rubutawa. A irin waɗannan rahotanni ne sunan Birnin Gwari da na Kushaka suka zama sunayen jerin duwatsu, har yau ɗalibin ilimin duwatsu a kowace jami'ar Najeriya sai ya haddace su. A 1965 kuma du Preez da Barber suka tattara abin da aka sani game da ruwan ƙarƙashin ƙasa a duk Arewa a rahoto guda.

Me waɗannan bincike suka nuna? Cewa duwatsun yankinmu a jere suke, sun miƙe daga kudu zuwa arewa kamar kunyoyin gona. Wasunsu masu ɓarewa ne falle-falle, kuma in sun ruɓe laka suke komawa, laka kuwa tana riƙe ruwa amma ba ta sakinsa. A tsakaninsu akwai jijiyoyin farin dutse mai ƙyalli, akwai kuma babbar tsaga da masana ke kira da sunan Kalangai, wadda ta ratsa yankin. To ga abin da ya kamata kowane ɗan Birnin Gwari ya sani: waɗannan jijiyoyi da tsagogi da mai neman zinare ke bi, irinsu ne mai neman ruwa yake bi. Zinarenmu da ruwanmu maƙwabtan juna ne. Wannan alheri ne, kuma haɗari ne, kamar yadda za mu gani.

FARIN 1973 DA IDON DA KE SAMA

Abubuwa biyu sun haɗu a farkon shekarun 1970. Na farko, babban farin da ya afka wa yankin Sahel daga 1972 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ya ƙafar da rijiyoyi, iyayenmu har yau suna ba da labarinsa. Na biyu, ranar 23 ga Yuli 1972 Amurka ta harba tauraron da daga baya aka sa wa suna Landsat 1, na farko da aka ƙera musamman don ɗaukar hoton doron ƙasa saboda aikin farar hula. Hoto guda nasa yana ɗauke faɗin kilomita 185, kuma duk kwana 18 yana dawowa kan wuri ɗaya. Abin da Russ zai yi watanni yana takawa, sai ga shi a takarda guda.

Fari ya tayar da gwamnati. An kafa hukumomin raya kogunan Chadi da Sakkwato-Rima a 1973, aka faɗaɗa su zuwa 11 a 1976. Daga 1976 kuma sashen gandun daji na tarayya ya sa aka zaga Najeriya kaf da jirgin sama mai na'urar radar, wadda ke ratsa gajimare da hazo. Don taswirar daji da gonaki aka yi aikin, amma masana duwatsu suka ga tsagogin ƙasa sun fito ɓaro-ɓaro a hotunan, suka yi ta amfani da su. A 1979 aka kafa Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a hanyar Mando, Kaduna, a bakin hanyar da ke zuwa Birnin Gwari.

Darasi mafi girma na wannan zamani daga Kano ya fito. A shekarun 1980, hukumar KNARDA, da rancen Bankin Duniya, ta haƙa burtsatse sama da dubu a ƙauyuka, da yawansu a kan irin dutsenmu. Masanan da suka yi aikin ba su tsaya kan hoto ba. Sukan je ƙauyen da kansu, mutum biyu su ɗauki na'ura mai zobba biyu su ratsa fili, tana auna yadda ƙasa ke karɓar lantarki, domin ƙasa mai danshi ta fi busasshen dutse karɓa. Inda suka ga alama, sai su kafa turakun ƙarfe a jere, su tura wuta daga batir, su gano zurfin ruɓaɓɓen dutsen. Sai bayan nan inji ya zo. Beeson da Jones sun wallafa bayanin wannan hanya a 1988, kuma har gobe ana koyar da ita.

A 1986 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar DFRRI don hanyoyi da ruwan karkara, famfon tuƙa-tuƙa ya bazu a ƙauyuka. In wani yana tambayar me burtsatse ta tsinana, ya tuna da kurkunu. A ƙidayar ƙarshen shekarun 1980 an samu sama da mutum 650,000 da ke ɗauke da shi a Najeriya, saboda shan ruwan tafki. Da tace ruwa da wayar da kai da samar da rijiyoyi masu tsafta, aka ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da ita a 2013. Yaran yanzu ko sunan ba su sani ba.

YADDA HOTO YA ZAMA KYAUTA

Duk da haka, hoton tauraro kayan manya ne a wancan lokaci. Akwai sa'ad da hoton Landsat guda ya haura dala 4,000. Wane ɗalibi ne zai saya? Sai abubuwa suka fara sauyawa. A Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana auna tudu da kwarin mafi yawan doron duniya da radar. Ranar 27 ga Satumba 2003 Najeriya ta harba nata tauraron, NigeriaSat-1, daga Rasha, ƙarƙashin hukumar NASRDA da aka kafa a 1999. Tsakanin 2003 da 2010 kuma ƙananan jirage suka ratsa ƙasar nan ƙasa-ƙasa, kimanin mita 80 daga ƙasa, layi bayan layi da tazarar mita 500, suna auna ƙarfin maganaɗisun duwatsu, abin da ke tona tsagogin da ƙasa ta binne.

A 2008 Amurka ta buɗe rumbun hotunan Landsat kyauta. A 2014 ta saki cikakken awon tudu da kwari na Afirka, mai nuna kowane fili mai faɗin mita 30. A 2015 Turai ta harba Sentinel-2, mai ganin fili mai faɗin mita 10, shi ma kyauta. Manhajar haɗa taswira irin QGIS ita ma ba a biyan ko sisi. Ni kaina a jami'a da waɗannan muka yi aikin kammala karatu, a kan kwamfutar da ba ta kai kuɗin babur ba. Abin da gwamnatin Arewa ba ta da shi a 1965, yau yana hannun ɗan bautar ƙasa.

YADDA AKE HAƊA TASWIRAR

Bari in sauƙaƙa. Ka ɗauka kana da fallayen leda guda bakwai masu nuna abin da ke bayansu, kowanne an zana taswirar Birnin Gwari a kai. Na ɗaya yana nuna irin dutsen kowane wuri. Na biyu yana nuna miƙaƙƙun layukan da ake gani daga sama, irin ƙoramar da ta miƙe sak ko jerin itatuwa a layi guda, waɗanda ake zaton tsagar dutse ce a ƙarƙashinsu. Na uku gangare: inda ƙasa ta kwanta ruwa kan tsaya ya nutse, inda ta yi tsaye kuwa gudu yake. Na huɗu yawan ƙoramu, domin inda ƙoramu suka yi yawa alama ce ƙasar ba ta shan ruwa. Na biyar irin ƙasar, yashi ce ko laka. Na shida abin da ke kanta, daji ne ko gona ko gari. Na bakwai yawan ruwan sama. Wasu kan ƙara hoton watan Maris, su duba inda ganye ya rage kore. Kun ga ɓauren mai haƙar rijiya ya dawo ke nan.

Sai a ba kowane falle nauyi, a ce misali irin dutse da tsaga sun fi ruwan sama muhimmanci, tunda ruwan saman yankin kusan ɗaya ne. Hanyar raba nauyin da aka fi bi wani masanin lissafi ne, Thomas Saaty, ya tsara ta a shekarun 1970. Kwamfuta ta ɗora fallayen kan juna ta tara maki, sai taswira ta fito da launuka: nan akwai kyakkyawan zato, nan matsakaici, nan kada a ɓata kuɗi.

Ku lura da kalmar: zato. Tauraron ba ruwan yake gani ba, alamominsa yake gani. Amfanin taswirar shi ne ta rage maka faɗin nema, daga daji guda zuwa fili biyu ko uku. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don famfon tuƙa-tuƙa ba kogi yake buƙata ba. In rijiya za ta cika jarka mai lita 25 cikin kamar minti ɗaya da rabi, ta kuma jure har ƙarshen rani, ta ishi ƙaramin ƙauye.

INDA TASWIRA KE TSAYAWA

Akwai abubuwa uku da hoto ba zai yi maka ba.

Na farko, ba ya bambance tsaga da abin da ya yi kama da ita. Layin da ka gani a kwamfuta yana iya zama burtali, ko tsohuwar hanyar mota, ko iyakar gona. Ko tsagar gaske ce, tana iya kasancewa a toshe da laka. Kuma faɗin tsaga mai ruwa wani lokaci 'yan mitoci ne, in inji ya kauce kaɗan ya wuce ta. Dole sai an je an auna, kamar yadda aka yi a Kano.

Na biyu, ba ya ɗanɗana ruwa. A Satumbar 2013 aka yi shelar gano wani makeken ruwa a ƙarƙashin yankin Turkana mai fama da fari a arewacin Kenya, ta hanyar hotunan tauraro da radar. Duniya ta ɗauka. A 2015 gwaji ya nuna ruwan babban ɓangarensa, Lotikipi, gishirinsa ya wuce abin da ɗan'adam zai sha. Mu namu haɗarin ba gishiri ba ne. Ku tuna gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara daga 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Ku tuna Shikira a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabtanmu na kudu, inda yara 28 suka rasu a 2015 ta wannan hanya. Tunda zinarenmu da ruwanmu a tsaga ɗaya suke, duk rijiyar da ke kusa da wurin niƙa ko wankin zinare sai an kai ruwanta ɗakin gwaji kafin a ce wa yara su sha.

Na uku, kuma shi ne ya dawo da mu Gwaska. Taswirar zato ba ta zama abin dogaro sai an gwada ta da rijiyoyin da ke ƙasa: waɗanda ta ce suna wuri mai kyau, da gaske suna da ruwa? Wannan gwaji ƙafa yake buƙata. To shekara da shekaru ƙafa ba ta shiga. Bayan harin 2018 da waɗanda suka biyo baya, ƙauyuka sun watse, hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta zama sai da rakiyar sojoji, a ƙarshen 2021 har layukan waya aka rufe na wani lokaci. Wane mai awo ne zai shimfiɗa waya mai tsawon ɗaruruwan mitoci a dajin da ake sace mutane? Wane mai inji ne zai kwana uku a wurin? Tauraro bai fasa wucewa ta saman Gwaska ba ko sau ɗaya, hotunan suna nan a ajiye. Abin da ya yanke shi ne rabin aikin da ake yi a ƙasa. Tsofaffin da suka san tarihin kowace rijiya kuma, wasu an kashe su, wasu suna gudun hijira a cikin gari.

Akwai kuma namu halin. Na taɓa tsayawa a wani ƙauye inda ɗan kwangila ya haƙa burtsatse a ƙofar gidan wani mai faɗa-a-ji, ba awo ba komai, don kawai nan aka nuna masa. Aka yi mata fenti, aka kafa allo, aka ɗauki hoto. Kafin azumin shekarar ta daina kawo ruwa. Ba wanda ya rubuta zurfinta, ba wanda ya rubuta abin da inji ya tarar. Kuɗin ya tafi, darasin ma ya tafi, gobe wani zai zo ya haƙa a gefenta.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

A ƙarshen Nuwamban 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe. Kowa da ra'ayinsa kan sulhun, ba shi ne zancenmu na yau ba. Amma duk wanda ya koma kufai, abin da zai fara nema shi ne ruwa, kuma rijiyar da aka bari shekara biyar ba lallai ta shawu ba. Makiyayi ma ruwa zai nema wa shanunsa. In rijiya ɗaya ce tsakanin mai tulu da mai garke a watan Afrilu, kun san abin da ke biyo baya. Don haka maganar inda za a haƙa, da guda nawa za a haƙa, tana cikin maganar zaman lafiya.

Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga abin da nake roƙon matasanmu, musamman waɗanda suka yi karatu suna zaune. Ku samu littafi guda a kowane gari. Kowace rijiya da kowace burtsatse, mai aiki da matacciya, a rubuta ta: inda take, wanda wayarku za ta nuna ko babu sabis, shekarar da aka haƙa, zurfinta, watan da take ƙafewa, ɗanɗanon ruwanta, nisanta da masai da wurin wankin zinare. Ku ɗaura dutse a igiya ku auna inda ruwa ya tsaya, sau ɗaya a Afrilu, sau ɗaya a Satumba. Busasshiyar burtsatse kada a raina ta, ita ce ke gaya wa taswira inda ta yi ƙarya. Ku zauna da iyayenmu mata, su suka san halin kowace rijiya. Ku zauna da masu haƙar rijiya da suka rage, da ardo, ku rubuta abin da suka faɗa da sunan wurin kamar yadda suke kiransa.

In an kawo aikin burtsatse garinku, ko daga ƙaramar hukuma ko daga hukumar RUWASSA ta jiha ko daga ɗan majalisa ko wata ƙungiya, ku nemi takardu huɗu cikin ladabi: rahoton awon da aka yi kafin haƙa, bayanin abin da inji ya ratsa mita bayan mita, sakamakon gwajin jan ruwa, da sakamakon gwajin tsaftarsa. A ajiye kwafi a wurin mai gari. 'Yan uwanmu da ke karanta ilimin ƙasa a Zariya da Kaduna da Minna kuma, in za ku yi taswirar yankinmu, ku nemi waɗannan littattafai ku gwada aikinku da su, sannan ku dawo mana da sakamakon da Hausa.

Sharaɗi biyu. Kada kowa ya shiga inda bai aminta da shi ba saboda awon rijiya, rai ya fi. Kuma a yi komai da sanin mai gari, kada a watsa wuraren rijiyoyin ƙauye a intanet.

Nan za mu dakata. Wanda ya san tarihin wata tsohuwar rijiya a garinsu, ko yana da kakan da ya yi sana'ar haƙa, ya rubuto mana a ƙasa, za mu karanta a shiri na gaba. Ku tura wa 'yan uwa da ke Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi da sauran garuruwanmu. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya ba mu ruwa mai albarka. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.